Ƙanƙarar da ke cinye firiza: kurakuran da aka fi yi

Babu abin da ke kashe firiza kamar wuƙa. Mutum ya ga ƙanƙara ta daskare a bango, murfi ya ƙi rufuwa, sai ya ɗauko wuƙa ya hau sara. Siririn bututun da gas ke bi yana nan kwance bayan bangon ciki, tsini ɗaya ya isa ya huda shi. Da an ji ƙarar fitar iska, shi ke nan, sai mai gyara, wani hujin kuwa ba ya gyaruwa. Sabbin firiza da yawa gas ɗin R600a ne a cikinsu, shi kuma yana kama wuta. Don Allah a bar wuƙar nan a kicin.

Idan kaurin ƙanƙarar ya kai rabin santimita, a zare filogi, a kwashe kaya cikin kula. A shimfiɗa tsumma a ciki, a ɗora kwanon ruwan zafi, a rufe murfi kamar minti 15, a sake sabon ruwa in ya huce. Ƙanƙarar za ta saki da kanta, sai a ture ta da muciya. Kada a kwara tafasasshen ruwa a jikin bangon, roba na iya tsagewa. Firizar kwance galibi tana da ƙaramar mafita a ƙasa, a cire toshiyarta ruwan ya zube.

Daga nan sai a goge ciki ya bushe tas kafin a kunna. Wannan ne ake yawan tsallakewa, alhali duk ɗigon da aka bari shi ne harsashin sabuwar ƙanƙara.

To, daga ina take zuwa tun farko? Danshi ne, kuma mu ke shigar da shi. Miyar da ba ta huce ba tana tururi, tururin ya daskare a bango. Masu sana'ar zoɓo da kunun aya su ƙulla leda su jera ta jiƙe sharkaf, ba a tsane ta ba. Yara su buɗe su rufe wuni guda suna neman ruwan sanyi. Shi ya sa matsalar ta fi tsanani da damina, da hunturu kuma ta lafa, saboda iskar ta bushe.

Abin da aka fi mantawa da shi, a ganina, robar bakin murfi ce. A maƙale takarda a bakin, a rufe, a ja. In ta zare salin-alin, iska na shiga dare da rana. Wani lokacin datti ne kawai, ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. In robar ta tsage ko ta sandare, a canza ta, kuɗinta bai kai na injin da zai ƙone saboda aiki ba hutawa ba.

Murɗa ma'aunin sanyi zuwa ƙarshe ma kuskure ne, digiri 18 ƙasa da sifili ya isa adana nama, har na layya.

In an ɗauke wuta, a haƙura da leƙawa. Firiza cike, a rufe, tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya kuma kusan 24. In ƙanƙarar ta riga ta narke ta kwanta a ƙasa, a tsane ruwan kafin wuta ta dawo, in ba haka ba zai daskare ya manne kaya wuri guda.