Yadda ake zaɓen makunnin da zai sauke wutar kafasita ba tare da ya fashe ba

Masu fara haɗa injin walda na tabo, irin wanda ke sauke wutar kafasita bugu ɗaya don manna nikel a kan batir 18650, kusan duk waje ɗaya suke faɗuwa. Mutum zai sayi MOSFET, wato transistan da ke aikin makunni, don ya ga an rubuta 110A, ya ɗaura, bugu biyu ko uku sai kaji tau ya tsage, sai ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokacin jabun ne kam, amma yawanci ko na asali ne haka zai mutu, don lambar da ya duba ba ita ce ke aiki a nan ba.

Ka fara da lissafi kafin ka sayi komai. Ƙarfin da ke cikin kafasita rabin C ne sau V sau V (C girman kafasitar a farad, V boltej), wato farad 1 a kan 15V zai baka jul 112 da ɗoriya. Karent ɗin farko kuma boltej ne raba da duk rizistans ɗin hanya, na cikin kafasitar da na waya da na makunnin da na bakin walda. In duka sun kama miliom 10, toh 1500A ne zai wuce a tashin farko, ya riƙa sauka cikin ƴan milisakan. Wannan 1500 ɗin ita zaka riƙe.

Sai ka tambayi kanka, kana buƙatar ka kashe wutar a tsakiyar zuba ko ka barta ta ƙare da kanta? In barinta zakayi, SCR kawai, wato makunnin lantarki mai kamawa ya riƙe, kar ka wahalar da kanka. Da ka taɓa get ɗinsa, ƙafar da ake kunna shi da ita, ya kama, baya saki sai karent ya sauka ƙasa sosai, kuma yana da juriyar duka fiye da sauran. A datashit, takardar bayanan kamfani, ka nemi ITSM, shine karent ɗin da zai ɗauka sau ɗaya na milisakan 10, da kuma I²t, wato karent sau karent sau lokaci, ma'aunin zafin da bugu ke jawowa. A misalinmu I²t ɗin zai kai wajen 11,250, ni dai bana ɗaukar wanda bai ninka haka ba. Tsohon SCR babba mai sukurum da aka ciro daga injin masana'anta ya fi sabon ƙarami, kuma sau da yawa ya fi araha. Abu ɗaya, ka cire caja lokacin bugu, in ba haka ba cajar zata cigaba da ciyar da shi ya ƙi saki. Rile da makunnin hannu kuwa ka manta da su, bakinsu narkewa yake ya manne.

In kana son ka auna tsawon bugun, misali milisakan 5 ka yanke, dole MOSFET in boltej ɗinka ƙarami ne, IGBT, wani transistan na babban boltej, in ka haura ɗaruruwan bolt. IGBT a kan 15V asara ce don shi kaɗai zai cinye kusan 2V. Ɗauki MOSFET IRF3205 da kowa ke saya: 55V, miliom 8, karent na bugu 390A, ita kuwa ƙafar jikinsa, samfurin TO-220, 75A aka yarda mata a ci gaba da aiki. Ɗaya ko biyu ba zasu iya 1500A ba. Goma a jere zasu baka ƙasa da miliom ɗaya, kowanne ya ɗauki 150A, kuma suna raba kaya da kyau in sun buɗe gaba ɗaya, don wanda yayi zafi rizistans ɗinsa ƙaruwa yake sai karent ya koma kan ƴan uwansa.

Toh ga inda ake mutuwa, dan Allah a nan ka nutsu. Na farko get. Mutane suna jona shi kai tsaye da ƙafar Arduino, 5V da 20mA, alhali IRF3205 10V yake so kafin ya buɗe sosai, kuma guda goma cajin get ɗinsu ya kusa mikrokulom ɗaya da rabi, da 20mA sai ya ɗauki wajen mikrosakan 70 yana rabi buɗe rabi rufe da ɗaruruwan amfiya a kansa, a wannan tsakanin ne yake dahuwa. Sa direba, wato IC mai tura wuta zuwa get, TC4420 na bada 6A, ya isa. Kowane MOSFET a bashi rizistansa na get shi kaɗai, kamar om 10, da rizista ɗaya na om 10k zuwa ƙasa don kar ya kunna kansa. Sannan kar ka ciyar da direban daga kafasitar da kake saukewa kai tsaye, don boltej ɗinta na faɗuwa get ma ya faɗi a tsakiyar bugu. Ka raba shi da dayod, ka bashi ƙaramar kafasita tasa.

Na biyu kashewa, kuma shi yafi cin MOSFET ɗin mutane. Waya mita ɗaya tana da indaktans kusan mikrohenri ɗaya, kuma karent ɗin da ke gudu a cikinta baya yarda ya tsaya farat ɗaya. Ka yanke 1000A cikin mikrosakan ɗaya, wayar zata nemi ta tada 1000V a kan abin da aka yi don 55V. Rabin jul ne a ɓoye a wayar nan, a 1500A ya wuce jul ɗaya, kuma a wannan lokacin MOSFET ɗin basa raba kayan, wanda ya fi saurin sallamawa a cikinsu shi zai sha duka shi kaɗai ya yi shot, sai kafasitar ta juye ta cikinsa. Shi yasa zakaga ɗaya ne ya fashe sauran tara lafiya lau. Maganin shine ka gajarta wayoyin iya yadda zaka iya, ka haɗa ta zuwa da ta dawowa su kwanta jikin juna ko ka murɗe su, ka sa dayod Schottky mai ƙarfi a juye tsakanin wayoyin waldar biyu don karent ɗin ya samu hanyar zagayawa, sannan TVS, dayod mai danne boltej in ya haura, tsakanin dren da sos, ƙafafun MOSFET biyu da karent ke bi, wanda zai kama kafin 55V. Kar ka tsallake dayod ɗin don tsumi, kuɗinsa bai kai na MOSFET goman da zaka sake saya ba.

In koyil kake bugawa da SCR ma dayod ɗin nan dole ne, in babu shi karent zai juyo ya caja kafasitar a baibai, kafasita elektrolitik kuma bata jure haka.

Haɗawa kuwa a kan faifan jan ƙarfe mai kauri, ba layin bod ba, nisan kowane MOSFET da wayar ya zo daidai da na sauran. Gwajin farko ka fara da kashi ɗaya cikin uku na boltej da gajeren bugu, ka taɓa kaji ko akwai wanda ya fi sauran zafi, sannan ka riƙa ƙarawa. Sa tabarau. In kuma aikinka na 300V ko 400V ne wannan wuta ce mai kisa, 2200µF a 400V jul 176 ne, ka sa rizista mai zuƙe caji a kanta koyaushe, kuma ka auna da mita kafin hannunka ya kai.