Yadda Ake Warware Lissafin Aljabara Mai Ninkawa

Idan kuka ga 5x = 35 a kan allo, ku sani akwai "sau" tsakanin 5 da x, ba a dai rubuta shi ba ne. Ana nufin biyar sau wata lamba da ba mu sani ba ya ba da 35. A ajin JSS 1 da nake koyarwa, a nan yara suka fi ɓata hanya: sai su ɗebe 5 daga 35 su ce amsa 30 ce. To, 5 sau 30 ai 150 ne, ina ya kama hanyar 35?

Rabawa ce ke kwance ninkawa. Ku raba ɓangarorin biyu da lambar da ke manne da x. A hagu, 5x raba 5 ya bar x ita kaɗai. A dama, 35 raba 5 ya ba da 7. Ke nan x = 7. Alamar daidai kamar sikelin mahauci take, duk abin da kuka yi wa gefe ɗaya dole ku yi wa ɗayan, in ba haka ba ya rinjaya.

Wannan lissafi kun daɗe kuna yin sa a kasuwa. An aike ku kun auno gero mudu huɗu a kan naira 4,800, Inna ta ce nawa mudu? Wato 4x = 4,800, kuma ba wanda zai ɗebe huɗu daga kuɗin. Rabawa za ku yi, ku ce mata 1,200.

Kada ku tsorata idan amsa ba ta fito cif ba. A 6y = 15, y biyu da rabi ce, wato 2.5, kuma daidai ne. Idan lambar na ɗauke da alamar ɗebewa, ku raba da ita har da alamarta: −3x = 12 zai ba da x = −4, domin −3 sau −4 ya koma 12.

Abin da ba na yi wa ɗalibi sassauci a kai shi ne gwaji. Mayar da amsarka inda x take, ka ninka. Idan 5 sau 7 ya ba ka 35, ba ka buƙatar jan birona kafin ka san ka ci. Ku gwada 8x = 72 da 9y = 45 a littafinku yau.