Yadda na yi wa rim ɗin Hilux ɗina fenti da hannuna

Karo na farko da na fesa wa rim ɗin alminiyam na motata fenti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ko wata biyu bai yi ba ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Laifina ne: wankewa kawai na yi, na hau fesawa. Alminiyam ba ya riƙe fenti kamar baƙin ƙarfe, domin da iska ta taɓa shi sai wani siririn rufi mai santsi ya hau kansa. Sai ka yi maganin wannan rufin kafin fenti ya zauna.

Ka ɗaga mota da jak, ka tokare ta, ka kwance ƙafafun. Wanke su da omo ciki da waje, har ƙurar birki da jar ƙasar hanyar gona su fita. A nan ne za ka duba ko akwai tsaga, musamman kusa da ramukan noti. Motar da ke cin duwatsu ba a yarda da ita, kuma rim mai tsaga ba na fenti ba ne, na canji ne.

Gogewa ita ce rabin aikin, ni ta cinye mini yini guda. Inda dutse ya karce, na fara da samfefa mai lamba 220, sauran jiki 400, na ƙarasa da 600 ina jiƙawa da ruwa. Ba sai ka cire tsohon fenti kakaf ba, sheƙin dai ya mutu ko'ina, har cikin lungunan da yatsa ke shiga da ƙyar. Kada ka sa burushin waya na ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa a alminiyam ya fito da ɗigon tsatsa daga baya. In ka gama, goge da tsumma mai tsabta da ɗan tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, kuma kada ka sake taɓa wurin da hannu.

Ban cire taya ba. Iska na sace, na jera katin karta tsakanin taya da bakin rim, na naɗe bawul da salatif. Wuri biyu kuwa fenti bai isa ya taɓa ba: mazaunin noti shidan nan, da bayan rim inda yake haɗuwa da mota. In fenti ya shiga can, yakan murƙushe a kan hanya noti ya saki.

Wajen saye ka ce fentin ƙasa na alminiyam kake so, wato wanda ake fara fesawa kafin launi, mai ɗan asid da ke kama jikin ƙarfen. Shi na tsallake wancan karon. Fesa shi sau biyu siriri, gwangwani na nesa kamar santimita 25, hannu na tafiya ba tsayawa. Launi sau uku, minti 10 tsakani, sannan mai sheƙi na kariya sau biyu. Yi a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, ka rufe hanci. Ranar da hunturu ke kaɗawa ma kada ka fara.

Baƙi kowa ke so, amma ni ruwan toka mai duhu na zaɓa, don baƙi da ka shiga hanyar burji ya tona maka asiri.

Na bar ƙafafun kwana biyu kafin na mayar. Noti a ɗaure su tsallake-tsallake, wannan da wanda ke fuskantarsa, sannan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi da sifana. Sati guda ban bari yaran wankin mota sun kusance su da injin feshin ruwa ba.