Noman inabi a Zariya: yadda nake yi don kada ƙasa ta gaji

Kurangar inabi ba tumatir ba ce da za ka girbe ka tashi. In ta kama, tana iya yin shekara ashirin ko fiye a wuri ɗaya, don haka duk abin da ka zuba wa ƙasar bana, da shi za ka zauna. Mu nan Zariya da maƙwabtanmu na Kudan inabin ci muke nomawa, babu ruwanmu da giya. Amma manoman Turai masu noma wa kamfanonin giya sun daɗe a harkar, sun sha wuyar da ba sai mu ma mun sha ba.

Bari mu fara da maganar feshi, don nan ne aka fi ɓarna. Idan ruwan Agusta ya zauna, za ka ga tabo rawaya a saman ganye kamar an ɗiga mai. Juya ganyen, za ka tarar da farar fumfuna a ƙasansa. Tsohon maganinta haɗin sinadarin jan ƙarfe ne da farar ƙasa, wanda wani masanin tsirrai na Faransa, Millardet, ya fito da shi a 1885. Yana aiki ƙwarai. Matsalar ita ce jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a ƙasa shekara bayan shekara har ya rage tana da sauran ƙananan halittun da ke sassauta ta. Gonakin Faransa da aka yi fiye da shekara ɗari ana fesa musu shi suna ɗauke da shi har yau. Shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 na jan ƙarfe a kowace hekta cikin shekara 7.

Ni dai kafin in ɗauki famfon feshi almakashi nake ɗauka. Ina rage rassan da suka cunkushe a kan rumfa, in cire ganyen da ya rufe ko'ina, iska ta samu hanya. Ganyen da ya bushe da wuri bayan ruwa ba ya saurin kamuwa. Wanda ya riga ya kamu kuwa, tsinke shi ka fitar da shi daga gonar, kada ka bar shi a gindi. In feshi ya zama dole, auna daidai yadda aka rubuta a jikin leda, ka fesa da sassafe lokacin da babu iska. Masu cewa a ƙara cokali ɗaya don ya fi ƙarfi, kuɗinsu kawai suke zubarwa.

Tsakanin layuka kuma ka daina wanke shi da maganin ciyawa. Shuka wake gajere ko gyaɗa da damina. Suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, suna hana ruwa kwashe ta, ga harawa ta dabbobi.

Ban ruwa da rani shi ke cin kuɗi. Mai hali ya sa tiyo mai ɗigo, wanda ke kai ruwa gindin kuranga kaɗai. Wanda bai da shi ya binne tukunyar ƙasa kusa da gindi, ya cika ta ya rufe bakin, ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali. Sannan a rufe ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don kada iskar hunturu ta shanye laimar. Sai dai a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin buntun da jikin kurangar, in ba haka ba ka shimfiɗa wa gara hanya.

Rassa masu lafiya da ka datse, sassara su ƙanana ka haɗa da kashin shanu ko na kaji a rami, kana yayyafa ruwa kana juyawa har su yi baƙi, warin ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

A Niyuzilan manoman inabi kan saki tumaki su cinye ciyawar gona, kuma tunda rumfarmu tana da tsawo, mu ma za mu iya. Awaki dai a'a, kowa ya san halinsu. Tumakin ma kada ka sake su a wurin da ka fesa maganin jan ƙarfe, don yana taruwa a hantarsu, kuma sun fi sauran dabbobin gida saurin mutuwa da shi.