Kurakuran da aka fi yi da tsohon keken ɗinki, da yadda za ki gyara da kanki

Gidaje da yawa a Gusau, Ƙauran Namoda da Talata Mafara akwai baƙin keken nan mai zanen ruwan zinare, Butterfly ko Singer, wanda aka gada daga uwa ko aka sayo na hannu. Littafin da ya zo da shi ya ɓace tun tuni. Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke masa hukunci cewa ya tsufa, a rufe shi da zane a ajiye, ko a ɗauki sukudireba a hau kwance shi. Mafi yawan lokaci ƙarfen lafiyarsa lau, allura ce ko zare ba su zauna daidai ba.

Mu fara da allura, don nan aka fi faɗawa. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya a shafe daga sama, a fakitinta za ki ga an rubuta HAx1 ko 15x1. Ta keken indastiriyal, irin DBx1, kanta a mulmule yake duka. A kasuwa wuri ɗaya ake sayar da su, yaro ya je aike ya kawo wadda aka miƙo masa, keke ya yi ta tsallake. Ki duba kafin ki ɗaura.

Sai inda shafaffen gefen zai kalla. A Butterfly da ire-irensa da aka ƙera bisa tsarin tsohon Singer 15, shafaffen gefen dama yake kallo, wato wajen hannun keke, zare kuma ya shiga daga hagu zuwa dama. Amma Singer 15-91 da 201 akasin haka ne. To in ba ki san wane iri ne naki ba fa? Keken da kansa zai gaya miki. Ki shafa allurar da farce, za ki ji wani dogon kwari a gefe ɗaya. Wannan kwarin shi ne hanyar zare, kuma dole ya kalli ɓangaren da ƙugiyar zare ta ƙarshe take, wadda ke kusa da inda ake ɗaure allura. Daga nan ɓangaren zare zai shiga. Ki tura allurar sama har ta tokare kafin ki matse noti, don in ta sauko ko kaɗan, ƙoshiya, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da zaren ƙasa, ba za ta kama zaren ba. Lamba 14 ta ishi atamfa, 16 ga shadda mai kauri, 18 ga jins. Allurar da ta dakushe kuwa, ko ta ɗan lanƙwashe, a jefar da ita kawai.

Kuskure na biyu shi ne sa zare alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa. In ƙafar tana ƙasa, faifai biyun nan na tenshan, wato masu daidaita taurin zaren sama, a matse suke, zare sai ya bi ta bakinsu bai shiga tsakani ba. Ki ɗaga ƙafar, ki juya hannun keke zuwa gare ki har ƙarfen da ke hawa da sauka da zare ya kai ƙololuwa. Sannan zare ya taso daga sama, ya bi ƙugiya, ya shiga tsakanin faifan, ya rataya a siririyar waya mai tsalle, ya shiga hujin ƙarfen nan, ya sauko zuwa allura. Gwaji mai sauƙi: ki sauke ƙafar ki ja zaren. In kin ji ya yi tauri, ya zauna.

Wannan ne ma ya kawo mu ga abin da ya fi ruɗa mutane. Zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, sai a ce ai matsalar ƙasa ce, a ciro ƙoshiya a hau murɗa ɗan notinta. Ki ja zaren da ya cukurkuɗe ɗin ki gani, na sama ne. Ko bai shiga faifai ba, ko an tsallake ƙarfen mai hawa da sauka, ko tenshan ya yi sako-sako. In kina kokwanto, ki sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, ki ɗinka a ƙyalle. Notin ƙoshiya ba a cika taɓa shi ba. Ki riƙe ta a rataye da zarenta, ki ɗan girgiza hannu: in ta sauko kaɗan ta tsaya, ki ƙyale ta. Kuma duk lokacin da za ki fara ɗinki, ki riƙe jelar zaren biyu ta baya har allura ta yi hawa biyu ko uku.

Batun mai, don Allah a daina zuba man gyaɗa ko baƙin mai. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa, keke ya yi nauyi a ƙafa. Farin man keke, ɗigo ɗaya a kowane huji da cikin gidan ƙoshiya, ya wadatar. Wanda ya riga ya daskare a ɗiga masa kananzir, a juya shi ba zare, a goge, sannan a sa mai. Ki riƙa cire farantin da ke ƙarƙashin allura ki share audugar da ta taru tsakanin haƙora, ita ke hana yadi tafiya.

In kina taka keke hannu na juyawa allura ba ta motsi, ƙaramin murfin da ke tsakiyar hannun ne aka sassauta lokacin naɗa kwarkwaro, ki matse shi. Bel ɗin fata in ya saki, a yanke kaɗan, a huda, a mayar da ƙugiyarsa.

Inda ya kamata ki tsaya shi ne in kin sa sabuwar allura daidai, zare daidai, amma allura tana dukan ƙoshiya ko sam ba ta ɗauko zaren ƙasa. Wannan taimin ne, wato daidaiton motsin allura da ƙoshiya, ya goce, aikin mai gyara ne. Ki kai masa kan keken tare da ƙoshiyarsa da ƙyallen da kika gwada a kai, kuma kada ki bari sai ana saura mako ɗaya Sallah, lokacin teloli sun cika masa shago.