Darasi na Tara: Lambar da Ba Ta Barin Saura

Rubuta wannan lamba a littafinka: 2,520. Karanta ta da ƙarfi: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Daga hagu, 2 na gurbin dubbai, 5 na gurbin ɗaruruwa, 2 na gurbin gomomi. Sifirin ƙarshe kuwa yana tsare gurbin ɗaiɗai ne. Kada ka raina shi, in ya faɗi kuɗinka sun koma 252.

Tambayar farko ga kowace lamba ita ce: cika ce ko mara? Ba sai ka ƙirga ba, dubi wutsiyarta kawai. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, mutum biyu za su raba ta daidai. Tamu cika ce, rabinta 1,260. Kuma tun da sifiri ne a ƙarshenta, za ta rabu gida 5 da gida 10.

Ga wata dabara. Tara alƙalumanta: 2 da 5 da 2 da 0 sun zama 9. Duk lambar da jimlar alƙalumanta ta rabu gida 9, ita ma za ta rabu gida 9, da gida 3.

Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, ita ce mafi ƙanƙantar lamba da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 har 10 ba tare da saura ba. A ce mudu 2,520 na gero ne a rumbu. Sulusinsa 840, rubu'insa 630, humusinsa 504, sudusinsa 420, sumuninsa 315, ushirinsa 252. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yawancin waɗannan kalmomi tun kafin ya shigo aji. Gida 7 ne mai gardama, don ba shi da gajeriyar hanya mai sauƙi, sai ka zauna ka raba. Za ka sami 360. Amma in mutum 11 suka zo, kowa ya ɗauki 229, mudu ɗaya ya rage a ƙasa.

In ka manta lambar, ninka kwanakin mako 7 sau 30, sannan sau watanni 12.

Yanzu ƙara mata ɗaya tak: 2,521. Wannan mara ce, kuma ba ta rabuwa da komai sai 1 da ita kanta, kamar 7 da 11 da 13. Maƙwabtan juna ne, amma hali ya bambanta.

Aikin gida

1. Mata tara 'yan ƙungiya sun sami ribar ₦2,520. Nawa kowace za ta samu?
2. Ba tare da rabawa ba, 5,040 cika ce ko mara? Za ta rabu gida 9?
3. Rubuta 2,521 da kalmomi.