Kafin ku rubuta iyakar x, ku san me yake wakilta

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, ga shawara kan tambayoyin da ake ce muku ku faɗi lambobin da x zai iya zama. Kada ku tsaya kan lissafin kawai, ku fara tambayar kanku: x ɗin nan mene ne a zahiri?

A ce mai noman rani a fadamar Argungu yana da tanki mai lita 1000, ruwa na fita lita 50 a kowane minti. Abin da ya rage bayan minti x shi ne 1000 − 50x. A takarda kowace lamba za ta shiga, amma lokaci ba ya yin ƙasa da sifili, kuma a minti 20 tankin ya ƙare. In ka saka 25 za ka samu −250, ruwan da babu shi. Don haka sai a rubuta 0 ≤ x ≤ 20. Minti 7 da rabi ma ya halatta.

In kuwa x leburori ne masu yankan shinkafa, to sai cikakkun lambobi, babu mutum 3 da rabi. Nan ne nake ganin maki na zubewa a banza, don Allah ku kula.